Yatsa a Gefen Hoto

Maigidana ya tsufa yana gyaran keke, amma sai da furfura ta cinye masa gemu kafin ya mallaki na hawa. Keken ɗinki yake gyarawa. Shagonsa ɗan ɗaki ne a bakin layinmu, ƙarƙashin wani bene, kawunan kekuna jere a kan kanta, ga warin mai, ga gwangwanayen madara cike da ƙoshiya da kwarkwaro da ƙananan notuna. A nan na san shi. Ni tela ce, na kai masa kekena yana tsinka zare, ya gyara, bayan kwana biyu ya sake tsinkawa, na sake kaiwa. Har gobe ina zargin da gangan yake barin wani noti a kwance, shi kuma har gobe bai amsa ba, bai kuma musa ba.

Mutum ne mai sanyi, wanda ko gobara ake yi sai ya nemi takalminsa. Ni kuwa Allah ya yi ni da gaggawa da tsoro. Muka haifi 'ya'ya, suka girma, suka watse, gida ya rage daga ni sai shi. Sai ciwon suga ya shigo ya zama na ukunmu.

Ranar da likita ya gaya masa, ina zaune a gefe. Ya rubuta masa allura da ƙwayoyi, sannan ya ce, "Baba, zaman nan naka ya yi yawa. Ka nemi keke."

"Likita, ai shagona cike yake da su," in ji maigidana.

Likita ya yi dariya, ni ban yi ba, don na ji abin da ya biyo baya. Ya ce suga in ya hau, a hankali yake cin mutum, amma in ya faɗi, nan take yake kayarwa. Gumi, rawar jiki, ruɗewa, in ba a samu abu mai zaƙi da wuri ba sai suma, daga suma kuma ba kowa ke dawowa ba. Tun daga ranar nake zuba masa alawa a aljihun riga kafin ya fita, kamar mai shirya ɗan makaranta.

Da haka ya faɗa cikin 'yan keke. Wasu dattawa ne da matasa da ke haɗuwa a shataletale da sassafe, akwai ma'aikacin banki, akwai mai sayar da fenti, akwai wanda ban taɓa sanin aikinsa ba. Suna ratsa gari tun ba a buɗe shaguna ba, su wuce kasuwa, su tsallaka layin dogo, su haye gada, su shiga gonaki har madatsar ruwa, sannan su juyo. Shugabansu wani tsohon hedimasta ne, shi ke gaba kullum, suna ce masa Jagaba. Maigidana kuwa tun ranar farko ya tsinci kansa a ƙarshe, kuma wurin ya yi masa daɗi. Suka sa masa suna Wutsiya.

Kada a ɗauka raini ne, muƙami ne. Wutsiya ba ya wuce kowa. Wanda tayarsa ta yi faci, ko sarƙarsa ta zame, ko numfashinsa ya ƙare, Wutsiya zai tsaya da shi, da 'yar jakar sifanunsa ɗaure a ƙarƙashin sirdi. A kowace mararraba kuma Jagaba zai rage gudu, ba zai karya kwana ba sai ya ji kalma biyu sun taso daga baya, baki zuwa baki: "Mun cika!" Wutsiya ne kaɗai ke da ikon fara faɗin ta, don shi kaɗai ya san babu kowa a bayansa.

Suna da guruf a waya, inda suke zuba hotunan yawonsu. Maigidana ya sa aka saka ni a ciki, wai don hankalina ya kwanta. Hankalin bai kwanta ba, amma na haddace hanyar tsaf ba tare da na taɓa taka ta ba. Na san itacen da ke bayan gada, na san gonar rake, na san karen da ke bin su da haushi a wajen injin niƙa. Kullum in sun isa madatsa sai su jeru da kekunansu a yi hoto. Da yake shi ke isowa ƙarshe, ya tarar sun riga sun jeru, shi ke ɗauka. Don haka maigidana bai taɓa fitowa a hoton ba. Abin da ke fitowa nasa shi ne yatsa. Mutumin da ke zura zare a allura ido rufe ya kasa riƙe waya ba tare da ya toshe gefen kyamara ba. Kowane hoto, a kusurwar sama ta hagu, ga wani dunƙulen duhu. Na yi masa tsiya har na gaji.

"Malam, mutane na turo fuska, kai kana turo yatsa."

"To ai shi ya fi fuskar kyau," yake cewa.

Ranar da nake son ba da labarinta, Asabar ce. An raba musu sabuwar riga ta ƙungiya, mai ruwan ɗorawa, ya saka ta yana ta juyi a gaban madubi kamar ango. Ya yi allurarsa, ya kurɓi shayi a tsaye, ya ce sauran in ya dawo, ya fita. Na hau keke ina haɗa wata riga da aka matsa mini a kanta. Can wayata ta yi ƙara, hoton madatsa ya shigo. Na duba sama-sama, na ajiye, na ci gaba da taka keke.

Ban kai ƙarshen ɗinkin hannun ba na tsaya. Wani abu ya tsaya mini a rai, na rasa mene ne. Na sake ɗaukar wayar. Ga su nan a jere, rawaya-rawaya, kowa na washe baki, ga ruwa a bayansu. Hoton ya yi kyau. Ya yi kyau fiye da kullum, sama tas, kusurwa huɗu duk a buɗe. Babu yatsa.

Na shiga ƙirga fuskoki, ko yau wani ya karɓi wayar ya ce Wutsiya ma ya shiga. Ba ya ciki. Na ɗaga kai, idona ya sauka kan tsohuwar rigarsa a rataye jikin ƙusa bayan ƙofa, aljihunta ya yi nauyi ya rinjayo. Ban ma tashi na taɓa ba, na san abin da ke ciki. A nan na zuba alawar tun jiya, sabuwar rigar kuwa ko aljihu ba ta da shi.

Na kira shi. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Na sake, haka. Na kira Jagaba.

"Hajiya, barka da asuba! Kin ga sabuwar rigarmu?"

"Ranka ya daɗe, ina maigidana?"

"Wutsiya? Ai yana baya."

"Bayan wa? Ka gan shi da idonka?"

Ina jin sa yana tambaya, ina jin muryoyi na amsawa, wannan ya ce ya zaci ya zaga, wancan ya ce ai ya ji an ce mun cika a mararrabar bayan gada. Jagaba ya ce, wa ya fara faɗa? Sai wata murya ƙasa-ƙasa, ta wani sabon shiga da suke kira Akawu, ta ce, "Ni ne. Na waiwaya ban ga kowa ba, na ɗauka ni ne na ƙarshe." Shi ne kuma ya ɗauki hoton. Ba wanda ya ga giɓi a jeri, don wanda ya ɓata dama ba ya cikin jeri. Sabo turken wawa.

"Hajiya, yanzu za mu juya," in ji Jagaba, muryarsa ta canza.

Ban tsaya jin sauran ba. Na kwashi alawar, na fizgi kwalbar lemo, na fita da takalmi wari da wari. Ƙanena yana da a-kori-kura, yana lodin buhuna a bakin titi. Ya ga fuskata, bai tambayi komai ba sai, "Yaya, ina muka nufa?" Na ce gada.

Ban taɓa sanin garin nan yana da tsawo haka ba. Kasuwa ta fara cika, masu baro sun tare hanya, a layin dogo muka tarar da wata babbar mota ta mutu a tsakiya. Ina ta kiran wayar, tana ta ringi. Zuciyata ba abin da ba ta nuna mini ba. Na gan shi kwance a kwalta, na gan shi cikin ruwa ƙarƙashin gada, na ga kaina ina kiran 'ya'yanmu ɗaya bayan ɗaya ina neman kalmar da zan fara da ita. Maganar likita ce kawai ke yawo a kunnena, cewa ba kowa ke dawowa ba. Ko addu'a na kasa haɗawa, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa.

Muna sauka daga gada na hango itacen nan na cikin hotuna. Kekensa na jingine a jikinsa, a tsaye tsaf, hular kwanonsa rataye a hannun keken. Ko a wannan hali sai da ya ajiye kaya yadda ya kamata. Shi kuwa babu shi. Ta dama masara ce ta fi mutum tsawo, hagu ma haka. 'Yan keken suka fara isowa suna haki, suna ƙwala kiran Wutsiya, kowa ya nufi inda ya ga dama.

"Don Allah ku yi shiru!" na ce. Ban san ina da murya irin wannan ba. "Kai kuma kashe motar."

Aka yi tsit. Na danna kira. Da farko iska kawai nake ji cikin ganyen masara. Sai can, nesa, ta hagu, siririn kukan wayarsa. Nan na gane inda ya nufa, don a bayan masarar nan gonar rake take. Ya ji jikinsa na rawa, ya laluba bai sami aljihu ba, ya tuna da rake.

Na kutsa, ganye na yankar fuskata. A cikin wata 'yar kwata ta ban-ruwa muka same shi, ya jingina da gefenta, ƙafafunsa cikin laka, raken na tsaye gabansa kaɗan. Rigar rawayar ta jiƙe sharkaf. Idonsa a buɗe. Na durƙusa na kama fuskarsa, sanyi ƙalau.

"Malam! Malam, ni ce."

Ya dube ni kamar yadda ake duban baƙo a tasha. Ya ce, "Baiwar Allah, keken naki bai gyaru ba tukuna."

Duk abin da na gani a hanya bai kai wannan ba. Mutumin da muka tsufa a ɗaki ɗaya yana kallona bai san ni ba. Na buɗe lemon da haƙori, ƙanena ya tallafo kansa, na ɗiga masa kaɗan na ga ya haɗiye, na ƙara, na ƙara. Ba mai motsi a cikinmu. Akawu na tsaye a cikin laka yana hawaye kamar yaro. Sannu a hankali rawar ta lafa, idon ya fara dawowa mazauninsa. Ya dube ni, ya dubi ƙafata.

"Ke kuma wane irin takalmi ne wannan?"

Sai a lokacin na fashe da kuka. Ya juya ya ga rawayen riguna sun kewaye shi, ya bi su da ido ɗaya-ɗaya, leɓensa na motsi. Ƙirga su yake yi. Ya ce da Jagaba, "Yanzu kam mun cika."

A asibiti na yi rantsuwa sai na sayar da keken. Likita ya ce kul, hawan nan shi ke riƙe da shi, abin da za a gyara shi ne cin abinci kafin fita da abin zaƙi a jiki. Na rasa inda zan sa kaina, in ya zauna ciwo ya ci shi a zaune, in ya fita ni tsoro ya ci ni. Jagaba ya zo har gida ya ce za su mai da shi tsakiya. Maigidana ya ce shi bai iya tafiya da mutum a bayansa ba. Da ƙyar ya yarda Akawu ya riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi. Ni kuma na karɓi rigunan ƙungiyar gaba ɗaya na ɗinka wa kowacce aljihu, tasa har biyu.

Kwanan baya Akawu, da kyakkyawar niyya, ya zauna yana koya masa yadda ake riƙe waya don yatsa ya daina shiga. Ina daga ɗaki na ji. Na fito na ce masa, "Ɗana, in kana son mu shirya, ka bar masa yatsansa inda yake."

Har yanzu yana fita. Ina jin ƙarar ƙofa, in ji ƙararrawar kekensa ta yi kwana a bakin layi, daga nan ɗinkina ba ya tafiya daidai. Wayar na kan teburin keke kusa da almakashi, ina taka ina satar kallonta. In hoton ya shigo ba na ganin ruwa, ba na ganin fuskar kowa. Kusurwar sama ta hagu nake fara dubawa, kuma ba na sakin numfashi sai na ga wannan dunƙulen duhun ya ɓata hoton.