Rigar da Inna Ta Hana a Yanka

Ranar jajiberin Sallar Layya, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, Inna ta jawo adakarta tsakar gida da hantsi, ta zazzage duk abin da ke ciki bisa tabarma. Ƙanena Lawali na tsaye jikin turmi, daga shi sai wando mai faci biyu, yana jiran ya ga abin da za a ɗinka masa na Sallah. Ta ɗaga wannan ƙyalle ta gwada a ƙirjinsa, bai kai ba. Ta ɗaga wancan, asu ya riga ta. A can ƙasa kuwa, naɗe cikin tsohon ɗankwali, ga farar babbar rigar Babanmu mai aikin zare a wuya, tana ta ƙamshin kajiji. Ni da bakina ba ya shiru tun ina ƙarama, sai na ce, "Inna, ga rigar Baba nan. Ai za ta yi wa Lawali riga da wando, har autarmu Kulu ta samu saura." Ko kallona ba ta yi ba. Ta mayar da ɗankwalin ta rufe, ta danne da tafin hannu, ta ce, "In ya dawo ya sa me?" A lokacin shekararmu uku rabonmu da shi, babu shi babu saƙonsa. Washegari Lawali ya bi maza masallacin idi da rigar da aka fitar daga tsohon zanen Inna, mai hoton kaji.

Ƙauyenmu yana arewa da Mayahi, cikin yashi, inda rijiya sai an ɗaura wa sa igiya yake jawo guga. Shekarar da Baba ya tafi, ruwa ya ɗauke hatsi na cikin bununi, abin da muka ɗaure bai kai rabin rumbu ba. Ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, ya bi samarin gari za su Libiya ta Agadas. Ina tuna safiyar. Ya ciro rigar daga kan igiya ya miƙa wa Inna, ya ce ba a shiga hamada da fararen kaya, ta ajiye masa zuwa Sallah. Tana da cikin Kulu a lokacin, cikin ya fara fitowa. Babu wayar hannu a garinmu a wancan zamani, labarin matafiyi sai a bakin matafiyi. Abokan tafiyarsa suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya da rediyo da barguna masu laushi, kowa da irin tasa maganar. Wannan ya ce sun rabu a tasha, motarsu daban. Wancan ya ce an gan shi yana aikin lambu. Wani kuma ya sunkuyar da kai ya ce Allah ne masani. Inna takan saurare su duka daga bayan danga, ta yi godiya, ta koma kan dakanta.

Hannun Inna ne ya riƙe gidan, kuma ban taɓa ganin hannu irinsa ba. Takan ce, "Ba a zubar da abu sai shi da kansa ya ce ya gaji." To, a gidanmu babu abin da ya taɓa samun bakin faɗa. Buhun taki ya zama jakar lakwal, har da aljihun alli a gefe. Gwangwanin madara ya zama fitila, aka murɗa tsumma aka yi masa lagwani. Silifa in ta tsinke, wuƙa za ta sa a wuta ta liƙe. Ƙwarya in ta tsage, ta huda da basilla ta ɗinke, ɗinki ƙanana a jere, ko fura aka dama ciki ba ta yoyo. Tsohon gidan sauro rabi ya zama abin tace kunu, rabi soson wanka. Ranar kasuwar Mayahi takan kai tabarmin kaba da ta saƙa, ta biya wajen teloli ta tsinto ƙyallayen da suka zubar ƙarƙashin keke, ta dawo da su ƙunshe a bakin zane kamar ta samo nama. Daga cikinsu ake fitar da rigunanmu, da ɗan kamfen Kulu, da bargon da muke shiga mu uku lokacin sanyi. Ragowar da ba ta kai tafin hannu ba ita ce tawa, in yi wa 'yar tsanata ta kara zane da kallabi. A nan na fara riƙe allura, tana zaune gefena tana cewa, "Ke, matso da ɗinkin, wannan ai akuya sai ta wuce ta ciki." Ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari.

Haka tukunyarta take. Tuwon dare in ya kwana ɗumame ne da safe, ƙanzon gindin tukunya kuma a kankare a shanya bisa rufin ɗaki, a tara shi cikin buhu. Ranar da babu, a jiƙa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da barkono, mu ci muna lashe yatsu, mu ba mu san rashi ne ba. Da damina ni da Lawali muke tsinko tafasa da yaɗiya in mun kai fura gona. Da kaka mu tara 'ya'yan yakuwa ta yi daddawar da sai ka toshe hanci, amma ba ta da na biyu a miyar kuka. Dusa takan ajiye wa wata Bafillatana da ke kawo mana nono su yi musaya, ruwan tsari kuma na akuyarmu ne. In ta raba abinci, nata kwanon shi ne ƙarami, kuma ita ce ta ƙarshen ci. Sau da yawa nakan ga ta tura wa Kulu sauran, ta kora da ruwa.

Ni kam ban gode ba a lokacin, haushi ne ya cika ni. A filin lakwal, in an fito hutu muna carafke ƙarƙashin gawo, yara suka laƙaba mani suna Kasuwar Mayahi, wai babu irin atamfar da ba a samu a jikina. Har mushe, malaminmu, wata rana ya yi dariya ya ce in juya a ga rumfar 'yan shadda. Na sha dambe a kan sunan nan, na sha bulala a kan damben. In na dawo gida na ga adakar a kusurwar ɗaki, sai in ji kamar in sa mata ƙafa. Yadi ne zunzurutu kwance a ciki, fari ƙal, ba ya amfanin kowa, mu kuwa muna yawo da faci a kan faci. Matar da ba ta barin ko zaren buhu ya tafi a banza, ga ta tana gadin riga guda shekara da shekaru. Duk bayan kaka sai ta fiddo ta, ta wanke, ta shanya a cikin gida inda ba mai gani, ta sake sa mata kajiji ta mayar.

Manya sun fahimci abin da ni ban fahimta ba. Kawu Manu, yayan Inna, yakan zo daga garinsu a kan jaki, ya zauna bakin ƙofa ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso inda za shi. Ya ce ya tambayi malamai, sun ce matar da mijinta ya ɓace tana da hanya a shari'a, in an jira abin da aka jira sai ta yi takaba ta huta. Ya ce yarinya ce har yanzu, kuma wahalar ta isa haka. Gwaggo ma, ƙanwar Baba da ke maƙwabtaka da mu, wadda ta fi kowa kukan ɗan'uwanta, wata rana ta ce, "Yaya, ki ba da rigar nan sadaka, ko ladan ya iske shi inda yake." Inna ta ce, "Kayan mamaci ake bayarwa sadaka." Kowa a gidan ya san muddin rigar na cikin adaka, to Baba tafiya ya yi.

Kulu kuwa ba ta taɓa ganinsa ba. Yarinya ce mai surutu, baƙa siririya, kullum tana bin akuya da kara a hannu. Da ta fara wayo ta ji yara suna cewa babana ya saya mani kaza, babana ya ɗauke ni a kan keke, sai ta zo ta tsare Inna da tambaya. Inna ta buɗe adaka ta nuna mata, ta ce, "Ga rigar Babanku nan." Shi ke nan, a wajen Kulu magana ta ƙare. In ta yi faɗa da Lawali sai ta ce za ta gaya wa Baba, ta ruga ɗaki ta durƙusa gaban adaka tana kai ƙara. In an ba ta goriba sai ta ajiye ɗaya bisa murfin. Wani lokaci ta ja zanen Inna ta ce, "Buɗe mani Baba," a buɗe, ta cusa fuskarta ciki ta shaƙa. Mu dariya muke yi. Inna ba ta dariya, ba ta kuma hana ta.

Damina ta gaba, hatsi ya kai ƙugu, masassara ta shigo gari. Ta kama Lawali ta sake shi, ta kama Kulu ta ƙi saki. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi tofi, jikin sai ƙara zafi yake. Da ta fara sanƙarewa, Gwaggo ta aro amalanken shanu aka ɗauke ta za a kai ta gidan likita a Mayahi, aka bar ni da Lawali da tukunya a kan wuta. Ina tsaye bakin danga da azahar sai na hango amalanken yana dawowa, shanun na tafiya a hankali, ba mai kora su. Ko rabin hanya ba su yi ba. Inna na zaune a tsakiya, ta lulluɓe Kulu da mayafinta har kai. Wayyo Allah, har yau in na ji ƙarar amalanke cikin yashi sai in tuna ranar nan.

Kafin la'asar gida ya cika. Mata suka yi mata wanka a bayan ɗaki, maza na waje suna jira, Kawu Manu ya aiko da sabon farin yadi daga mai tebur don likkafani. Gwaggo ta karɓa za ta fara aunawa, sai Inna ta ce, "Dakata." Ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar murfin adaka. Ta fito da rigar a hannu, ta shimfiɗa ta bisa tabarma a gaban kowa, ta ce da ni, "Ke, miƙo almakashi." Gwaggo ta riƙe mata hannu tana kuka, tana cewa ga yadi an kawo, ga yadi. Inna ta zare hannunta. Ta ce, "Bai taɓa ɗaukar ta ba ko sau ɗaya. Yau ya ɗauke ta." Ni na riƙe mata gefen rigar ta yanka. Ta kauce wa aikin wuyan, ta fitar da fallaye masu kyau daga baya inda yadin ya fi faɗi. Ta ce in ja da kyau kada ya karkace. Shekara nawa ina son in ga almakashi a jikin rigar nan, ga shi na gani, na kuwa gwammace in mutu da faci.

Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, irin tarbiyyarsu ke nan. Bayan an share makoki ta naɗe abin da ya rage na rigar, har da aikin wuyan, ta ba Gwaggo ta ce a kai wa liman sadaka. Ko ƙyalle ɗaya ba ta rage mana ba, ita da ba ta zubar da komai. Sannan ta aika wa Kawu ta ce ya je ya ga malaman nan. Ta yi takabar mutumin da babu wanda ya san kabarinsa, ta fita, ba ta sake aure ba. Baba bai dawo ba, kuma har ta koma ga Allah ban ƙara jin ta tambayi wani matafiyi labarinsa ba.

Yau ina Tasawa da shagona da kekuna uku, ina koya wa 'yan mata ɗinki. Gwanjo ya cika kasuwa, riga in ta yage sai bola, 'ya'yana ko sunan ƙanzo ba sa son ji. Wanda ya tafi Libiya ko Aljeriya yanzu da yamma zai kira, matarsa ta ga fuskarsa a waya, ɗansa ya san muryarsa tun yana goye. Ina yi musu murna, wallahi, amma wani lokaci sai in ce ina ma Inna ta samu ko kira ɗaya, ko da na mummunan labari ne. Mata sukan kawo mani tsohuwar shaddar mazansu su ce in rage wa yara, aiki ne mai sauƙi, kuma ina jin daɗinsa. Sai dai ba na sa almakashi sai na tambaya, "Mai rigar yana ina?" In aka ce yana gida ko yana gona, in yanka. In matar ta yi shiru tana kallon ƙasa, sai in naɗe in miƙa mata, in ce ta je ta ƙara tunani, ɗinki ba ya gudu. Abin da aka yanka ba ya komawa riga.