Ɗorawar Inna

A gonarmu ta bayan Mahuta akwai wata ɗorawa da kowa ya san ta Inna ce, mahaifiyata. Gona ta Baba ce, itacen kuwa ya ba ta da bakinsa tun tana amarya, kuma a wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne. Da kalwar take yin daddawa, garin mu dama mu sha har bakinmu ya yi rawaya, ɓawon a jiƙa a yayyafa wa daɓen ɗakinta ya yi ƙarfi. In ta buɗe daddawar nan maƙwabta sun shiga uku da wari, amma su ne farkon aiko da kwano.

Bayan rasuwar Baba gonar ta faɗo a rabon yayana. Da ciwo ya kwantar da matarsa, ya sayar wa wani Alhaji na Funtua. Ya rantse mini ya yi masa zancen itacen. Wataƙila ya yi, can ƙasa-ƙasa, yadda ya saba.

Alhaji masara yake so, masara kuwa ba ta son inuwa. Bai sare ba, kada a ce ya sare. Ma'aikatansa suka sassaƙe ɓawon gindin, suka zagaye shi kaf, suka tafi abinsu.

Na sami Alhaji a shagonsa, na durƙusa. "Ranka ya daɗe, itacen na tsohuwarmu ne."

"Malam, ni gona na saya," in ji shi. "Ga itacenku nan tsaye, in ya yi 'ya'ya ku ɗiba."

Dattawan da suka ji kyautar daga bakin Baba duk sun rasu. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan kama.

Abin takaici, a shekarar ɗorawar ta yi 'ya'ya kamar hauka. Inna ta ce, "Ka gani? Ta ƙi mutuwa." Ta sa na kai ta a babur, ta kwaɓa laka da kashin shanu, ta bi raunin tana shafewa. Ni na riƙe mata ƙwarya, alhali na san aikin banza ne.

Da shekara ta zagayo ko ganye ɗaya bai fito ba. Muka koma, ta ɓanɓare lakar da farcenta, ta tarar da itace ya bushe ƙayau.

"Ka san haka tun bara?"

Na ce na sani.

Ta daɗe tana kakkaɓe hannunta. "To, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe mini ƙwaryar. Kai ni gida."