Tururuwar Nana Fatima

Yahaya mai gilashi maƙwabcina ne a Bodinga, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara ashirin yana yanka gilashin taga a bakin kasuwa, ban taɓa jin ya yi sa-in-sa da kowa ba. Ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba, kuma wannan halin nasa shi ke ba ni haushi har gobe.

'Yarsa Nana Fatima tana fama da sikila. Bara da damina ciwon ya riƙe mata ƙugu, ta yi wata huɗu ba ta taka ƙasa ba. Yarinya 'yar shekara tara, tana jiyo ƙawayenta na gaɗa a waje, ita tana kwance. Sai uban ya ɗauki ragowar gilashi biyu ya haɗa su da katako, ya cika tsakaninsu da ƙasa mai danshi. Ya je gonarsu a Sifawa ya tono tururuwa har da uwarsu, ya zuba a ciki, ya ajiye kusa da gadonta.

Wallahi abin gwanin kallo. Kana ganin yadda suke haƙa hanyoyi, nan rumbu, nan ɗakin ƙwai, can juji. Kullum da safe Nana ke zuba musu gero, ƙannenta na rigimar wanda zai ɗiga ruwa. Uwarta ta samu dabara: sai ta shanye kununta za ta ba tururuwa nasu. Yarinyar da sai an yi dambe take cin abinci ta fara kumatu, ɗakinta ya cika da yaran unguwa, har da nawa.

To, bakin mutane bai bar shi ba. Wai wa ke zuba wa tururuwa hatsi in ba wanda boka ya aika ba? Wai kasuwa yake nema. Wace kasuwa? Mutumin da keke ɗaya yake hawa tun muna samari! Cikin masu faɗar haka ba wanda ya tako ya leƙa, amma maganar ta yi ƙafa har Shagari, ta faɗa kunnen wansa Mode.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Mode ya tsaya a tsakar gida.

"Yahaya, mi nika ji? Iskoki kaka kiwo cikin gidan ubanmu?"

"Yaya, wasan yara na. Shigo ka gani."

"Ba ni shiga. Hiddo shi."

Na leƙo ta katanga na ce, "Malam Mode, ɗiyar ga ba ta da lahiya, abin ga shi ka ɗebe mata kewa." Ya ce in kama gabana, zancen gida ne. Yahaya kuwa, don kada a ce ya musa wa babba, ya shiga ya ɗauko abin da hannunsa. Mode ya tuttula kalanzir a ciki, ya wanke hannu, ya ci tuwo, ya hau mota yana cewa ya gyara gida.

Da la'asar na shiga duba Nana. Ba ta yi kuka ba, kuma ba ta taɓa kwanonta ba. Ta dubi ubanta ta ce, "Baba, kai ma ka san ba iskoki ba na, ko?"

Ya ce, "Na sani, Nana."

"To don mi kaɗ ɗauka?"

Yahaya ya sunkuyar da kai. Ina nan zaune har aka kira magariba, ya tashi ya ɗauki butarsa ya fita.