Katin Garba Bakanike

Ban taɓa mantawa da wata Litinin cikin rani ba, a ƙaramin asibitin da nake aikin shara a yankin Goronyo. Ni ne na ƙasa da kowa a wurin, sai jami'in lafiya da muke kira Likita a sama.

Aka shigo da wani dattijo ɗaure da igiya, yana ta magana shi kaɗai. Ɗan ƙanensa ne ya kawo shi. A ƙa'idar aikinmu, sai an tambayi yadda mutum yake kafin ciwo. In da shi aka haife shi, shawara kawai muke ba dangi. In daga baya ne, sai a tura shi birni wajen likitocin ƙwaƙwalwa.

Likita ya yi tambayar. Ɗan ƙanen ya ce, "Tun da nit tashi haka nig gane shi. Bai taɓa wayo ba."

Likita ya ɗauki biro zai rubuta hakan a katin dattijon. Ni kuwa na gane fuskar. Na jingine tsintsiya na ce, "Ranka shi daɗe, a yi man haƙuri. Wanga Garba bakanike na. Injinan ban ruwa na bakin gulbin Rima, har daga Wurno shi aka kawo ma su."

Likita ya ce, "Ka tabbata, Malam Isa?"

Injin ruwan asibiti yana ta tari a waje. Na durƙusa na ce, "Baba Garba, mi ad damun injin ga?"

Ya karkata kunne. Can ya ce, "Iska ya sha. Wane sakarai at tashe shi?"

Na ce, "Ni na, Baba."

Likita ya yi dariya. Ɗan ƙanen bai yi ba, hannu ya sa yana kwance igiyar.

A lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci. Likita ya miƙo mini katin ya ce, tunda ni na san shi, in cike gurbin sana'a. Na daɗe ina rubutawa, kowa ya jira ni: bakanike. Ranar aka tura shi birni.

Ku da kuka zo bayanmu, ciwo yakan rufe mutum har danginsa su manta. Kafin ku rubuta komai, ku nemi wanda ya san shi tun yana lafiya, ko da mai shara ne.