Mai Kokon Kanvili Ta Fi Dillali Sanin Gidan

Na daɗe ina jin ana cewa in za ka sayi gida a Tamale, fara tambayar mai kokon unguwar kafin mai gidan. Na ɗauka zancen zaman benci ne.

Watan jiya 'yata Rahinatu ta ɗauko ni a moto, wato babur, zuwa unguwar Kanvili. Kasuwa ta mutu, mutane na sakin gidaje da araha, ita kuma ta samu wani mai ɗaki huɗu. Guminta na shekara goma za ta zuba. Dillali sai kallon agogo yake, wai wani mai saye na zuwa da yamma.

Na ce bari in sha koko tukuna. Rahinatu ta ce, "Baaba, yanzu?"

Na tsallaka titi, na gaida Mma Azara mai koko, na ce gidan can muke dubawa.

Ba ta ko ajiye ludayi ba. "Alhaji, wanne cikin 'ya'yan marigayin ke sayar muku? Su bakwai ne. Babban yana Kumasi, bai ma sani ba."

Muka hau moto muka dawo da kuɗinmu.

In abubuwa sun tsuke, ɗaya cikin magada kan sayar da abin kowa a ɓoye. Sai kun ga magada duka a zaune, da takardar sarkin ƙasar, sannan ku biya. Araha ba ta ƙare ba.

Ku wa ya taɓa cece ku haka? Ni dai ta ƙarshen da ta faɗa min zancen nan na fara tambayar mai koko, Rahinatu ce da kanta, jiya, har tana min gargaɗi kar in manta.