Kafintan da Ya Ɗaure Hannunsa

A layinmu ba mai kiran tsohon nan da sunansa. Baba Sai-an-auna muke ce masa, shi ma ya haƙura yana amsawa. Ka je masa da maganar kujera, ya ce sai an auna. Ka ce ƙofar kicin ce ta kumbura ta ƙi rufuwa, sai an auna. Har an ce wata rana matarsa ta tambaye shi ko zai sha shayi, ya buɗe baki zai faɗi maganar tasa, ta jefo masa murfin tukunya. Ni dai ban gani ba, amma duk wanda ya san shi ba zai musa ba.

Shagonsa yana ƙarshen layi, jikin na mai faci. Rumfar kwano ce da dogon benci ɗaya, zarto biyu a rataye, gwangwanayen madara cike da ƙusoshi, kowane tsawo da nasa gwangwanin. Shekara talatin ya yi a wata masana'anta yana haɗa teburan 'yan makaranta, can ya baro kan ɗan yatsansa guda a bakin inji. Da aka rufe wurin ya dawo unguwa ya kafa rumfarsa. Kullum fensir yana bayan kunnensa, kullum kuma yana neman fensirin. Aikinsa ba ya karyewa, sai dai jiransa ya kusa karya mai shi. Ni kaina na sha zaginsa a zuci kan wani teburin yanka da ya kwashe wata biyu yana yi mini.

Ni tela ce. Hannuna na hagu ya shanye tun ina 'yar shekara huɗu, bayan wani zazzaɓi. Yana ɗan motsi, yana danne mini yadi a kan keke, amma ko kofin ruwa ba ya iya ɗauka. Gwaggo ce ta riƙe ni, ƙanwar babana, mace mai son mutum har ta hana shi numfashi. Ban gama miƙa hannu ga abu ba ta riga ta ɗauko mini.

Cikina na fari yana wata bakwai ta iso gidanmu da jakarta da butarta, ta share ƙaramin ɗaki, ta zauna ta yanke hukunci.

"Abin da za ki haifa a ɗakina zai riƙa kwana. In ya yi kuka na kawo miki ya sha, na mayar."

Na ce, "Haba Gwaggo, ni fa zan haife shi."

"Haihuwa daban, ɗauka daban. Da wane hannun za ki ciro shi daga gado? Ki sake shi a ƙasa mu shiga uku?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya sa ma ta fi yi mini ciwo. Na yarda a ɗaura mini zani, na yarda a buɗe mini kwalba. Amma ɗana ya yi kuka ina kwance ina ji, ina jiran wata ta miƙo mini shi kamar baƙuwa a gidana? Wannan kam zuciyata ta ƙi.

Maigidana mai gyaran wutar lantarki ne, ba ya son hayaniya. Ya ce mu je babban kanti mu duba, ya ji ana sayar da irin gadon jaririn da ake jingina wa gadon uwa. Muka tafi mu uku. Gadaje kam ga su nan reras, farare da shuɗɗa, wani da gidan sauro, wani da tayoyi, wani har kiɗa yake yi. Yarinyar kantin tana ta zuba bayani. Duk wanda na leƙa sai in ga zurfi kamar rijiya. Masu sauke gefe kuwa sai ka danna nan ka danna can a lokaci guda, wato da hannu biyu. Na ce ta ba ni 'yar tsanar da suka kwantar a ciki in gwada. Na sunkuya da tulun cikina, na tura hannun dama ƙarƙashinta, na ɗago. Kanta ya langaɓe ya bugi ƙarfen gadon, ƙwal.

Gwaggo ta ce, "To, kin gani."

A mota na juya fuskata wajen taga na yi ta hawaye har gida. Washegari maigidan ya ce, "Ko mu gwada Baba?" Na ce in dai shi ne, sai yaron ya fara rarrafe gadon bai iso ba. Amma na bi shi.

Muka tarar da shi yana goge ƙafar wata kujera. Maigidan ya yi masa bayani, ni ina gefe ina cika ina batsewa. Ya saurara har ƙarshe, ya dubi hannuna sau ɗaya, ba kallon tausayin nan da na tsana ba, kallon da yake yi wa katako in zai yanka. Sannan ya faɗi abin da kowa ya san zai faɗa.

Da la'asar ya zo da tef ɗinsa na awo. Ya yi sallama sau uku a ƙofar ɗakinmu duk da maigidan ne ya shigo da shi. Ya auna tsawon gadonmu, ya auna tsayinsa daga ƙasa, ya rubuta a bayan kwalin ƙusa. Sai ya ce, "'Yata, hau ki kwanta yadda kika saba." Shi kuma ya juya ya fuskanci bango, ya miƙa wa maigidan tef ta baya.

Gwaggo ta ce, "Wannan kuma wane sabon salo ne?"

Ya ce, "Hajiya, katifa ba kowa a kanta daban take da katifa da mutum a kai. In ta kwanta lotsawa take. In na bi awon farko, shimfiɗar yaro za ta fi tata tudu da yatsa biyu, kuma yatsa biyun nan su ne wahalar."

Maigidan yana karanta lamba, Baba yana rubutawa yana kallon bango. Sau uku yana sa shi sakewa. "Malam, wannan ba waya ba ce da za ka yanke ka ƙara. Duba da kyau." Har Gwaggo sai da ta yi dariya.

Ya faɗa mana abin da zai yi. Gado mai gefe uku, na huɗun a buɗe yana manne da nawa, a ɗaure su da bel biyu don kada rata ta buɗe a tsakani. Sandunan gefe ba za su wuce yatsa uku tsakaninsu ba. Shimfiɗa mai tauri, ba filo, ba fenti mai wari. Shimfiɗar kuma za ta zauna a kan faranti na katako mai zamewa kamar aljihun tebur: in zare sakata, in jawo, yaro ya taho har jikina ba tare da na ɗaga shi sama ba. Ya tambaya wane gefe za a sa. Mu duka uku muka haɗa baki muka ce dama, ai nan hannun kirkin yake. Shi ma ya gyaɗa kai ya rubuta.

Kwana goma maigidan yana biyawa ta rumfar yana kawo mini labari. An yanka, an haɗa, saura sakata. Rana ta goma sha uku ya shigo yana sosa ƙeya.

"Baba fa ya warware gadon."

"Ya me?"

"Ya ciccire shi. Yana nan a zube."

Ban tsaya neman mayafin kirki ba. Na ja ciki wata takwas na nufi ƙarshen layi ina haki, na shirya maganganun da zan gasa masa, tsufansa ko oho. Mai faci ya hango ni ya taso yana dariya. "Gara da kika zo. Yau kwana uku ke nan, mun ɗauka karaya ya yi."

Na leƙa rumfar. Baba yana kwance a kan dogon bencinsa. Ya ɗaure hannunsa na hagu a jikinsa da tsohon ɗankwalin matarsa, tamau, tun daga kafaɗa. Kusa da bencin ya ɗora farantin gadon a kan bulo, a kai kuma akwai ƙunshin yashi naɗe cikin tawul, har da ɗan ƙulli a sama a matsayin kai. Garin katako duk ya cika masa gemu. Yana ganina ya yunƙura zai tashi, ya kasa, sai da ya mirgina ya dafa da gwiwar hannu.

"Yauwa 'yata, zo ki gani. Na yi kuskure. Mu duka mun yi, amma nawa ya fi, don ni ne mai awo."

Ya koma ya kwanta ya nuna mini. "Ga yaro a dama. Yana kuka, kin juyo wajensa. Ina hannun damanki yake?"

Na duba. Yana ƙarƙashinsa, ya danne shi da nauyin jikinsa. Wanda ke sama, mai 'yancin miƙewa, shi ne ɗaurarren.

Ya mirgina ɗaya gefen. "To ga yaro a hagu. Kin kwanta a kan raunannen, ba abin da kika rasa. Mai ƙarfin yana sama." Ya miƙa hannu, ya zare sakata da babban yatsa, ya jawo farantin, ƙunshin yashin ya taho sumul har ƙirjinsa. Ya zagaye shi da hannu, tafinsa a ƙarƙashin ɗan ƙullin. "Kilo uku da rabi ne, na kai wa mai nama ya auna mini. Sakatar ma na sa ta wajen ƙafa, ashe wajen kai ya kamata, inda yatsa ke fara kaiwa. Komai sai ya juya. Ranar farko da na ɗaure hannun ko wandona ban iya ɗaurewa ba, sai da tsohuwa ta taimaka, tana ta yi mini tsiya."

Maganganun da na taho da su duk suka bi iska. Shekara ashirin da shida ina da hannun nan. An yi mini addu'a, an ji tausayina, an yi mini abubuwa tun kafin in roƙa. Ba a taɓa samun wanda ya ce bari ya ji yadda abin yake ba, sai wannan tsohon da nake zagi kan teburin yanka. Na zauna a kan wata kujera mai ƙafa uku na rushe da kuka.

Ya rikice. "Subhanallahi! Ba fa zai daɗe ba, kwana huɗu ne. Sai dai gefen hagun naku akwai kabad, kuma ban san faɗin wurin ba."

Ina share hawaye na ce, "Na sani, Baba. Sai an auna."

Kwana shida ya yi, ba huɗu ba, ai hali ba ya canzawa. Aka janye kabad, maigidan ya koma kwana ta gefen da bai saba ba, yana mitar an raba shi da wurin cajin wayarsa. Baba ya ɗaure bel ɗin da kansa, ya sa gwiwa ya tura gadon da ƙarfi ya ga ko zai matsa, bai matsa ba. Ya bar mini ƙunshin yashin ya ce in riƙa gwadawa safe da yamma. Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ta ce yashi ba ya wutsil-wutsil, a bari dai a gani.

Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba, sai da aka yi mini aiki. Mace ce. A asibiti ma'aikatan jinya ne ke miƙo mini ita su karɓe, na haƙura, na san ba a nan za a yi ta ba. Rana ta huɗu aka sallame mu. Da azahar muka iso gida, Gwaggo ta kwantar da ita a sabon gadon, wai na ɗan lokaci kafin ta gyara nata ɗakin, ta shiga kicin. Ni kuma na kwanta a gefen hagu, ɗinkin cikina yana ja kamar an ɗaure ni da waya.

Ba a jima ba yarinyar ta motsa, ta yamutsa fuska, ta tsanyara kuka. Na ji an yar da ludayi a kicin, na ji takun Gwaggo. Kafin in ɗaga kai tana bakin ƙofa, hannuwanta biyu a miƙe, jiƙe da ruwa.

Na ce, "Gwaggo, tsaya."

"'Yar nan, ɗinki ne fa a jikinki."

"Don Allah ki tsaya."

Na miƙa hannun dama. Na lalubi sakatar, tana nan daidai inda yatsana ya sauka. Na zare, na jawo. Farantin ya taho a hankali ba ko ƙara, da 'yata a kai tana harba ƙafa. Gaskiyar Gwaggo, ba ta yi kama da yashi ba ko kaɗan: ga ɗumi, ga santsi, ga fushi. Na tura tafina ƙarƙashin kanta, na zagaye bayanta da damtsena, na matso da ita jikina. Ta yi ta laluba da baki har ta samu, kukan ya yanke.

Allah Ya saka wa tsohon nan da alheri, Ya sa ya gama da duniya lafiya. A zuci na faɗa, don bakina ba zai iya ba.

Gwaggo tana nan tsaye, hannuwan har yanzu a miƙe. Ta dube su kamar ba ta san inda za ta kai su ba, sannan ta goge su a zaninta. Ta ce, "To ni yanzu me zan yi?"

Na ce, "Zo ki zauna kusa da ni, ki ga yadda take sha."

Ta zo ta zauna a bakin gado, ta ɗauki hannuna na hagu ta ɗora shi a kan bayan yarinyar, ta riƙe shi a wurin don kada ya zame.