Piyano a Bakin Ƙorama

Yayana makaɗin piyano ne, kuma har yau in na faɗi haka sai na ji bakina ya yi ɗaci. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, a wani ƙauye tsakanin Tabotaki da Buza. Shi anka kai lakwal, babbar makarantar boko ta Tawa, don kansa na ja, ni kuwa ina gama aji shida anka miƙa mini hauya. Daga Tawa ya shiga soja, sunka sa shi cikin masu busa da kiɗa na fanfar, can ya koyi karanta kiɗa a takarda kamar mai karanta wasiƙa. Da ya tuɓe kaki sai Abijan, yana danna piyano a otel mutane na cin abinci, daga nan sai Faransa. Kiɗan nasa wai jaz sunansa. Shekara talatin da wani abu, labarinsa kawai muke ji a bakin ƴan ci-rani.

Kaset yake aiko mana da hotonsa a jiki, ya sha baƙar kwat ya sadda kai kamar wanda anka yi wa rasuwa. Sau ɗaya na sa wa Inna a radiyo. Ta kasa kunne har kaset ya kai rabi, sannan ta ce, "To yaushe za shi soma?" Duk da haka ta jera su cikin kwallarta, ba ta bari kowa ya taɓa. Baba ya rasu bai zo ba. Inna ta rasu, wasiƙa ta zo bayan sadakar arba'in. Ni na sa su duka biyu a kabari da hannuna.

Abin da Baba ya bar mana gona ce guda a fadama, bakin ƙorama. Hatsi da damina, albasa da rani, da ita nake ciyar da gidana. Kowace damina ruwan da ke gangarowa daga dutse sai ya gatsi gaɓarta. Shekarar da nake magana, taku kaɗan ya rage ya kai ga rijiya da mangwaron da Baba ya dasa. In gaɓar ta karye a nan, ƙorama ta tsakiyar gonar za ta bi, ta bar mini rairayi. Maganin guda ne, a jera katangar dutse kafin ruwan farko.

A wannan bazarar yayana ya sauko daga mota da balis biyu, akwatunan tafiya, da wata doguwar jaka. Wai sanyin can ya shiga ƙashinsa, aiki kuma ya yi wuya, ya dawo gida. Safar hannu ce a hannunsa, cikin zafin da kare ma ke neman inuwa! Dattawa sunka zo yi mai barka da zuwa, yana miƙa musu kan yatsu kamar hannunsu da ƙaya. Safe da yamma yana zaune yana shafa wa yatsun nan man kaɗe, ɗaya bayan ɗaya. Na kai shi gona na nuna mai gaɓar. Ya daɗe yana kallon mangwaro, ya ce, "Ƙanena, komi zan yi maka, amma ban da ɗaukar dutse. Hannuwan nan su na rayuwata." Na dubi nawa, na juya baya don kada in yi saɓo.

Na kira gayya. A wurinmu gayyar dutse jeri ake yi, daga gindin tudu har bakin ƙorama, dutse na bi hannu zuwa hannu. Mai gangar noma ke riƙe da aikin duka. In ya sauke gula, sandar kiɗan, ka saki, in ya ɗaga ka karɓa, ba sai ka dubi na kusa da kai ba. Kuma kowane magidanci da takensa, wanda anka kaɗa wa ubansa da kakansa. In mutum ya soma sanyi, sai makaɗi ya juya ya kaɗa mai nasa, ka ga gardi ya yi kururuwa ya rungumi dutsen da mutum biyu ke ɗauka. Makaɗinmu tsoho ne, gado ya yi, shi ya kaɗa wa Baba tun yana saurayi. Na kai mai goro da kaina. Matata da maƙwabta sunka kwana biyu suna dakan fura.

Ranar gayya, hantsi bai ɗaga ba maza sun cika fadama. Sai ga yayana bisa amalanken jaki da jakar nan tasa da batir ɗin mota. Ya buɗe, ashe piyano ne na lantarki. Ya girka shi ƙarƙashin mangwaro, ya je wurin tsohon makaɗi da fara'arsa, gaban kowa, ya ce, "Baba, yau ka huta. Gonar ubana ta, ni za ni kaɗa musu."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗan gida ba ya kiɗa a gayyar gidansu, kuma ba a ce wa makaɗi ya huta. Daidai yake da ka ce mai ya mutu. Na matsa na ce, "Yaya, don Allah bari, wanga ba aikinka na ba." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ni na babba, ka bar ni in yi abin da na iya." Gaban mutane ba na iya musu da wana, haka anka rene mu. Tsohon ya miƙe. Ya ciro goron da na kai mai daga aljihu ya aje bisa dutse, ya rataya gangarsa ya kama hanya. Na bi shi har bakin turba ina ba shi haƙuri, ko waiwayowa bai yi ba.

Yayana ya tuɓe safa ya soma. Ba zan yi mai ƙarya ba, yatsun nan gudu suke yi kamar ruwa. Amma kiɗa ne da ba ka sanin inda zai sa ƙafa. Sai ya tahi daidai, ka ce ka kama shi, sai ya noƙe ya yi jim, sannan ya zubo gaba ɗaya. Maza sunka gwada bin sa. Wani ya saki, na gabansa bai shirya ba, dutse ya faɗi. Can ma haka. Jeri ya cushe a tsakiya, ƙarshensa hannu wofi. Shi kuwa idonsa rufe, yana kaɗa kai yana murmushi, yana can Abijan ko ina oho. Samari sunka soma dariya. Dattawa na jiran takensu, babu. Sarkin noma ya ɗaga murya ya ce, "Kai, mai gona! Aiki ka kira mu ko kallon wasa?" Bai rufe baki ba dutse ya kuɓuce ya sauka bisa ƙafar ƙanen sarkin noman. Anka ɗauke shi yana salati. Kafin azahar fadama ta watse, furar ma ba su sha ba, awaki munka zuba wa.

Gayyar da ta watse ba ta sake taruwa shekarar, kowa na da gonarsa, ga hadari ya soma leƙowa daga gabas. Washegari na sami yayana yana shafa man kaɗensa. Na ce, "Tashi." Ya ce, "Ban yi da mugun nuhi ba, so na yi in ba Baba abin da..." Na ce, "Baba ya jira ka har ya gaji. Ka ci tuwon gonar ga tun ranar da ka sauka. Tashi ka ɗauki dutse, ko ka ɗauki balis ɗinka." Ban taɓa yi wa babba magana haka ba, kuma ban ji kunya ba. Ya dube ni, ya aje safar bisa tabarma ya biyo ni.

Kwana tara muna yi, ni da shi da matata da jaki. Jaki ya kawo, ni ina sama bisa gaɓa ina miƙa mai, shi yana ƙasa yana jerawa. Tafinsa ya yi ƙulu ya fashe, bai yi ƙorafi ba, wannan ma haushi ya ƙara ba ni. Babu ganga, don haka duk dutsen da zan miƙa sai na dubi hannunsa na ga ya riƙe sannan in saki.

Rana ta tara, da la'asar, iska ta juya, na ji ƙamshin ruwa. Saura jeri biyu. Na cicciɓo wani babban dutse na miƙa, sai na ji yana wani gunguni a maƙoshi, kiɗan nan nasa mai noƙewa, har yana kaɗa kai. Na dubi hannunsa. Na ga na dama ne kaɗai ya kama, na hagu na bisa katanga yana gyara zama. Na saki.

Bai yi ihu ba. Zama ya yi cikin rairayi yana kallon hannun hagun da dutsen ya danne. Matata ce ta yi kururuwa ta yage gyalenta ta ɗaure mai. Na ce ta kai shi likita Buza da amalanke, ni na tsaya na ƙarasa jerin, ruwa ya same ni ina ɗora na ƙarshe. Ƙorama ta zo da ƙarfinta ta daki katanga ta koma hanyarta. Gona ta tsaya, rijiya da mangwaro suna nan, bana ma na cire albasa.

Yatsu biyu na hagu sunka warke a sandare. Piyanon yana ɗakinsa cikin jaka, wani sa'in yakan fiddo shi ya danna da hannu guda, ya mayar. Duk wanda ya tambaye shi, cewa yake tsautsayi ne, dutse ya kuɓuce. Tare muke cin tuwo kullum, kwano ɗaya, bai taɓa tada maganar ba. Amma lokacin da na saki dutsen nan ba hannunsa yake kallo ba, ni yake kallo. Har yau ban ce mai sannu ba.